Murya a Bayan Labule: Wasan Inuwa da Waƙar Gama-gari a Alƙahirar Ibn Daniyal

Tsakure

Takardar ta nazarci wasannin inuwa guda uku da Muhammad Ibn Daniyal (1248–1310) ya rubuta a Alƙahira zamanin daular Mamluka, domin gano aikin da nau'o'in waƙa ke yi a cikinsu. An auna matanin da rabe-raben waƙa na Safiyuddin al-Hilli da bayanin Ibn Sana'il Mulk kan muwasshaha. Nazarin ya nuna cewa cuɗanyar Larabcin littafi da na gargaliya a wasannin dabara ce ta fito da taurari, kuma tuban da ke rufe kowane wasa ya samo tsarinsa daga al'adar waƙoƙin kaffara.

1.0 Gabatarwa

Wasan inuwa, wanda Larabawa ke kira khayal al-zill, wasan kwaikwayo ne da ake yi da siffofin fata a bayan farin labule, a kunna fitila ko kyandir daga baya, masu kallo su zauna cikin duhu suna ganin inuwar siffofin tana motsi. Ya yaɗu a Masar da Sham da Andalus ƙarnuka da dama, amma daga duk zamanin da ya gabaci Usmaniyawa, cikakken matanin wasa da ya iso hannunmu na mutum ɗaya ne, wato Shamsuddin Muhammad Ibn Daniyal.

An haife shi a Mausil ta Iraƙi a wajen 1248. Bagadaza ta faɗa hannun Mangol a 1258, Mausil ta bi baya a 1262, shi kuma ya bi ayarin masu gudun hijira zuwa Alƙahira yana saurayi, a zamanin Sultan Baibars (1260–1277). Sana'arsa maganin ido, kuma shagonsa na kusa da ƙofar gari da ake kira Bab al-Futuh. Ya yi wa manyan fada waƙoƙin yabo, ciki har da Sultan al-Ashraf Khalil, ya kuma tsara tarihin alƙalan Masar a waƙe. Mutum ne da ke da ƙafa ɗaya a kasuwa, ɗaya a fada, kuma wasanninsa sun gaji wuraren biyu.

Manufar wannan takarda ita ce amsa tambaya ɗaya: me ya sa marubucin da ya ƙware a ƙasida ya riƙa sauka zuwa zajal da mawaliya, sannan ya sake hawa, wani lokaci a cikin jawabin tauraro guda?

2.0 Waiwaye kan ayyukan magabata

Bajamushe Georg Jacob ne ya fara jawo hankalin masana ga Ibn Daniyal a farkon ƙarni na 20, littafinsa na tarihin wasan inuwa kuma ya fito a 1907, aka faɗaɗa shi a 1925. Abin da ya fi damunsa shi ne asalin wasan da hanyar da ya biyo daga gabashin Asiya. Paul Kahle ya ɗora daga nan. A 1909 ya samu tarin tsofaffin siffofin fata a garin Manzala na arewacin Masar, ya kuma shafe shekaru yana aikin tace matanin, har ya rasu a 1964 bai buga shi ba. Derek Hopwood da Mustafa Badawi ne suka kammala aikin, ya fito a 1992.

Kafin wannan, bugun da ke hannun masu karatu shi ne na Ibrahim Hamada, Alƙahira, 1963. Hamada ya dogara da kwafi ɗaya, ya kuma share duk inda ya ga batsa ta yi yawa. Illar hakan ga mai nazarin salo babba ce, domin wuraren da aka share suna daga cikin inda harshe ya fi sauyawa.

Ta fuskar ra'i, an daɗe ana cewa wasan kwaikwayon Larabci ya fara ne da Marun al-Naƙƙash a Bairut a 1847. Badawi ya ƙalubalanci wannan a 1982, inda ya nuna cewa rubutun Ibn Daniyal wasan kwaikwayo ne cikakke, mai taurari da zubi. Shmuel Moreh (1992) ya kawo hujjoji cewa akwai kwaikwayo na mutane a fili tun da daɗewa, ban da na bayan labule. Li Guo (2012) ya matso da batun kusa da waƙa: ya gwada matanin wasannin da zaɓaɓɓun waƙoƙin Ibn Daniyal da al-Safadi ya tattara, ya tarar cewa baitoci masu yawa da taurari ke rerawa waƙoƙi ne da mawaƙin ya riga ya yi don wasu dalilai, ya sake sa su a bakin siffofi. Wannan takarda ta tashi ne daga inda Guo ya tsaya. Idan waƙoƙin tsofaffi ne, to ƙirƙirar tana cikin rabon da aka yi musu: wa aka ba wace waƙa, kuma a wane matakin harshe.

3.0 Hanyar nazari

An ɗauki tsarin wasannin uku yadda bugun 1992 ya kawo su, wanda ya tattaro kwafe-kwafen Santambul da Eskoriyal ta Sifen da Alƙahira. An bi manyan taurari, ana duba abubuwa uku game da kowane: nau'in maganar da ya shigo da ita (zube mai amsa-amo, ƙasida, ko waƙa mai amshi), matakin harshenta, da dangantakar da ke tsakanin wannan zubi da jigon da ke cikinsa.

Ma'aunin rabe-raben shi ne na al-Hilli. Sai dai a lura cewa al-Hilli ya rasu a wajen 1349, kusan shekara arba'in bayan Ibn Daniyal, don haka littafinsa bayani ne na abin da mawaƙa ke yi, ba doka ce da Ibn Daniyal ya karanta ya bi ba. Haka nan kwafe-kwafen da suka fi tsufa na ƙarni na 15 ne, kuma masu kwafe kan gyara gargaliya ta koma littafi. Saboda haka an fi dogara da zubin waƙa, wanda ba ya gyaruwa da sauƙi, fiye da wasullan ƙarshen kalma.

4.0 Wasan kafin Ibn Daniyal

Ambaton wasan ya riga matani da fiye da ƙarni biyu. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira a wajen 1040, ya kawo misalin siffofi masu huji da ake motsawa a bayan labule cikin littafinsa na ilimin gani. Ibn Hazm na Andalus (rasuwa 1064) ya kwatanta duniya da wannan wasa. Marubutan baya, irin su al-Guzuli, sun ruwaito cewa Salahuddin al-Ayyubi ya zaunar da wazirinsa al-Ƙadi al-Fadil kallon wasan a 1171; wazirin ya so ya tashi, daga baya ya ce ya ga wa'azi a ciki, domin dauloli sun zo sun wuce, da aka naɗe labule sai ga mai motsa su mutum ɗaya.

Sufaye sun riƙe wannan ma'ana da hannu biyu. Ibn al-Farid (rasuwa 1235) ya siffanta wasan a Ta'iyyarsa babba, da tsuntsaye da jiragen ruwa da rundunoni, duk aikin mai wasa guda. Ibn Arabi (rasuwa 1240) ma ya yi amfani da shi a littafinsa Futuhat. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan masu kallo ne. Sun faɗi abin da labule ke nufi a wurinsu, ba su rubuta abin da ake faɗa a bayansa ba. Abin da suka yi tarayya a kai, wato mai motsawa ɗaya ne, a bakinsu ishara ce ta tauhidi. Ga mai nazarin wasa kuwa bayani ne na sana'a, kuma a kansa sashe na 6.1 ya ginu.

5.0 Fannonin waƙa bakwai

A littafinsa al-Aɗil al-Hali, al-Hilli ya lissafa fannonin waƙa bakwai. Uku ba sa karɓar kuskuren nahawu: ƙasida, muwasshaha da dubaiti. Uku kuwa adonsu shi ne sauke li'irabi: zajal, kan-wa-kan da ƙuma. Mawaliya ce ke tsakani, tana ɗaukar duka biyun. Kowane fanni da gidansa. Zajal ta girma a Andalus a hannun Ibn Ƙuzman na Ƙurɗuba (rasuwa 1160), kan-wa-kan ta Bagadaza ce, ta fara da tatsuniya masu wa'azi suka karɓe ta, ƙuma kuwa waƙar tayar da mutane sahur ce a watan azumi.

Ya kuma raba zajal gida huɗu bisa jigo. Wadda ta ƙunshi soyayya da giya da furanni ita ce zajal ta asali. Ta raha da shaƙiyanci bullaiƙ. Ta zambo ƙarƙi. Ta wa'azi da hikima mukaffir. Rabon ya nuna cewa a ƙarni na 14 waƙar gargaliya ba tarkace ba ce: tana da ƙa'idoji, da malamai masu hukunta ta, har saka li'irabi a inda bai dace ba aibi ne. Ibn Khaldun ya ƙarfafa wannan a ƙarshen Muƙaddima, inda ya kare ra'ayin cewa balaga ba ta rataya ga li'irabi ba.

6.0 Nazarin matani

6.1 Zubin waƙa a matsayin fuskar tauraro

A gabatarwar wasa na farko, Ibn Daniyal ya ce wani mai wasan inuwa, Ali Ibn Maulahum, ne ya kawo masa kuka cewa mutane sun gaji da wasan saboda maimaici. Ya rubuta masa sababbi uku, ya umarce shi ya yanka siffofi, ya jera su, ya haska labule da kyandir. Matanin ke nan kayan aiki ne na mai sana'a, har akwai wuraren da aka ambaci sautin da za a rera waƙa da shi, kamar rast.

Siffofin Manzala sun nuna irin abin da mai kallo ke gani, duk da cewa Marcus Milwright (2011) ya sake buɗe muhawara kan shekarunsu. Fata ce da aka fafe ta da ƙananan huji kamar zanen tagar masallaci, haske na ratsawa. Akwai jirgin ruwa cike da mayaƙa, akwai mahaya, akwai dabbobi. Suna da kyan gani, amma fuskar ba ta murmushi, ba ta ɗaure. Kuma duk muryoyin daga maƙogwaron mutum ɗaya suke fitowa, da 'yan mataimakansa. To da me mai kallo zai bambance malami da gardi? Siffa tana nuna rawani ko kwando. Hali kuwa, sai kunne. Da zarar tauraro ya buɗe baki da huɗuba, ko ƙasida mai amsa-amo ɗaya, ko waƙa mai amshi, an san ajinsa da abin da yake so a ɗauke shi. Zubin waƙa shi ke yin aikin da fuskar ɗan wasa ke yi a dandali.

6.2 Ɗaif al-Khayal: babbar riga a jikin ɗan iska

Wasa na farko ya buɗe da Ɗaif al-Khayal, mai ƙusumbi, wanda ya gabatar da abokinsa Amir Wisal, sojan da bai bar wani sabo bai taɓa ba. An iso Alƙahira daidai lokacin da Baibars ya tsananta kan barasa da wiwi da gidajen karuwai, wajen 1267, har aka gicciye wani mai suna Ibn al-Kazaruni da tulun giya rataye a wuyansa. Kasuwar shaiɗan ta mutu, sai aka yi wa Iblis marsiyya.

Marsiyyar ƙasida ce ta littafi, mai amsa-amon harafin sinun daga farko har ƙarshe, kuma ta bi duk matakan marsiyyar babban malami: sanarwar rasuwa, kukan almajirai, lissafin wuraren da suka zama kufai. Almajiran dai mashaya ne, kufan kuma gidajen giya. Da an yi ta da gargaliya, da rabin dariyar ya zube, domin abin dariyar shi ne tazarar da ke tsakanin rigar da wanda ya sa ta. Haka takardar naɗin da magatakarda al-Taj Babuj ya karanta wa Wisal: zube ne mai amsa-amo irin na ofishin sultan, amma sarautar da aka ba shi ta kango ce da masha'a. Mutanen Alƙahira sun ga yadda Baibars ya naɗa halifan Abbasiyya a birninsu a 1261, sun san sautin irin wannan takarda.

Wannan dabara, wadda za a iya kira kwaikwayon ba'a, ba ta buƙatar mai kallo ya iya karatu. Huɗuba ana jin ta kowace Juma'a, takardar sultan ana shelanta ta a titi, marsiyya ana rera ta a makoki. Kunnen talaka ya san zubin, ko da hannunsa bai iya rubuta shi ba. Don haka yawan Larabcin littafi a wasan ba hujja ba ce cewa na fada ne kaɗai.

Harshe na sassautowa idan aka shiga harkar cikin gida. Wisal ya yanke shawarar yin aure, aka kira Ummu Rashid, tsohuwar kawaliya mai dalilin aure. Ta zuba masa yabon amarya, aka ɗaura, aka yi biki, da ya yaye lulluɓi sai ya ga mummunar da ta sa shi suma. A wannan yanki ne waƙoƙin raha irin na bullaiƙ da maganar kasuwa suka fi samun wuri.

6.3 Ajib wa Garib: kasuwa a kan labule

Wasa na biyu ba shi da labari. Jerin gwano ne na masu neman abinci da baki, fiye da ashirin, kowa ya fito ya yi tallarsa ya karɓi abin da ya samu ya wuce. Garib ne ya fara, yana bayyana kansa a matsayin ɗan Banu Sasan, wato zuriyar mabarata da 'yan damfara da adabin Larabci ya daɗe da sani tun daga ƙasidar Abu Dulaf a ƙarni na 10. Wanda ya karanta Maƙamat ta Hariri a zaure zai gane shi nan take, domin jinin Abu Zaid as-Saruji ne. Bambancin shi ne Hariri ya ba ɗan damfararsa harshe ɗaya mai tsauri a ko'ina, Ibn Daniyal kuwa ya raba harsuna.

Ajibuddin mai wa'azi ya hau mumbari da huɗuba cikakkiya, da hamdala da salati, abin da ke ciki kuwa nasiha ce ga mabarata kan yadda za a raba mutane da kuɗinsu. Bayansa gardin macizai, da mai ma'ajuni, da mai saiwoyi, da mai duban taurari, da mai layu. Waɗannan duk masu sayar da ilimi ne, na gaske ko na bogi, kuma harshensu cike yake da sunayen magunguna da taurari da kalmomi masu nauyi, domin da nauyin kalma suke cin kasuwa. Ibn Daniyal, wanda ya yi shekaru yana sa wa mutane kwalli a ido a bakin Bab al-Futuh, bai buƙaci littafi ba kafin ya san yadda maƙwabtansa ke magana.

Sai masu wasa da jiki da dabba: mai zaki, mai giwa, mai biri, mai haɗiye takobi, mai tafiya a kan igiya, da matar da ke yi wa 'yan mata ƙaho da jarfa. A nan jawabi ya gajarta, amshi da kiɗa suka ƙaru, domin dabba da kiɗa take rawa, kuma taro da amshi ake riƙe shi. Mai ɗaukar wutar dare, wanda a Alƙahirar Mamluka shi ne kuma mai shela da aikin hauni, ya samu doguwar waƙa mai amshi. Abin da jerin ya nuna shi ne matakin harshe ba ya bin arziki ko talauci, duk matalauta ne. Yana bin abin da mutum ke sayarwa.

6.4 Tuba da tsarin mukaffir

Wasannin uku duk sun ƙare da komawa ga Allah. Wisal, bayan mutuwar Ummu Rashid a hannun likita Yaƙɗinus, ya tuba ya nufi Hijaz. Wasa na biyu ya rufe da mai jan raƙuma yana begen ƙasa mai tsarki. A na uku, al-Mutayyam, gwanin da son wani saurayi ya ruɗa ya kara da shi a faɗan zakaru da na raguna da na bijimai, aka yanka bijimin aka yi walima, 'yan masha'a iri-iri suka yi ta shigowa, sai ga Mala'ikan Mutuwa. Mutayyam ya nemi jinkirin da zai tuba, ya tuba, ya mutu.

Ana iya karanta wannan a matsayin garkuwa daga hukuma, kuma a garin da aka gicciye mashayi ba za a raina wannan fassara ba. Amma ba ta isa ba, domin tsarin ya girmi Baibars. Ibn Sana'il Mulk (rasuwa 1211), a littafinsa Dar al-Ɗiraz, ya bayyana cewa mawaƙin da ya yi muwasshaha ta batsa kan yi wata ta zuhudu a kan karinta da amsa-amonta, ta zama kaffararta, kuma ita ake kira mukaffir. Ibn Daniyal ya ɗauki abin da mawaƙa ke yi da waƙoƙi biyu ya mayar da shi tsarin wasa guda: muryar da ta yi shaƙiyancin ita ce ke yin tuban, a gaban taron da ya yi dariyar. Saboda haka cire batsar, yadda bugun 1963 ya yi, yana raunana tuban kansa, tunda kaffara ba ta da ma'ana idan an ɓoye laifin.

7.0 Bayan Ibn Daniyal

Al-Safadi (rasuwa 1363) ya kira Ibn Daniyal Ibn al-Hajjaj na zamaninsa, yana danganta shi da shahararren mawaƙin batsa na Bagadaza da ya rasu a 1001. Wannan matsayi na adibi shi ya sa aka ci gaba da kwafe wasanninsa, na sauran masu sana'ar kuwa suka tafi da masu su. Wasan kansa bai tsaya ba. Sultan Jaƙmaƙ ya ba da umarnin ƙone siffofin a 1451. Marubucin tarihi Ibn Iyas ya ruwaito cewa a 1517 wani mai wasa ya nuna wa Sultan Salim na Usmaniyya yadda aka rataye Ɗuman Bay, sultan na ƙarshe na Mamluka, a Bab Zuwaila, har da tsinkewar igiya sau biyu. Salim ya yi masa kyauta, ya ce ya bi shi Santambul ɗansa Sulaiman ya gani.

Matanin da suka sake ɓullowa a Masar daga ƙarni na 17, irin su Wasan Kada da Wasan Hasumiyar Iskandariyya da Kahle ya buga a 1915 da 1930, waɗanda ake dangantawa da Dawud al-Manawi da abokan sana'arsa, kusan duk zajal ne. Masu wasa ne suka rubuta su don kansu, ba adibi ne ya rubuta musu ba. Wannan na nuna cewa yawan ƙasida a wasannin Ibn Daniyal zaɓinsa ne shi, kuma ba za a ɗauke shi ma'aunin abin da Ali Ibn Maulahum ke rerawa a bayan labule kafin ya je neman sabon matani ba.